Taya, Ganga ko Igiya: Wane Gida Mai Juyi Za a Fara Ginawa a Sararin Samaniya?

Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, ISS, ta tsufa. Tun watan Nuwamban 2000 ba ta taɓa rabuwa da mutane ba, kuma hukumar NASA ta riga ta ce wajen 2030 za a sallame ta, a jefo ta cikin teku. Masu shirin gina magajiyarta, hukumomi da kamfanoni, suna da wata tsohuwar tambaya a gabansu wadda aka daɗe ana ɗage amsarta: a sake gina gidan da mutane za su riƙa shawagi a ciki ba nauyi, ko kuwa a gina mai juyawa, wanda zai ba mazaunansa daɓen da za su taka? In mai juyin ne, wane iri? Akwai ƙaramin injin juyi da ake sakawa cikin ɗaki. Akwai ɗakuna biyu da ake ɗaurewa da igiya su riƙa zagaya juna. Akwai taya, akwai kuma ganga mai girman gari. Kowanne da masoyansa, masoyan kuma ba sa raga wa juna.

Mutanen da ke cikin ISS ba su kuɓuce wa jan duniya ba. A nisan kilomita 400 da suke, jan yana nan kusan kashi 90 cikin 100. Abin da ke faruwa shi ne su da tashar tare suke faɗowa, suna kewaya duniya sau ɗaya a kowane minti 90, don haka babu abin da ke danna tafin ƙafarsu. Jiki kuwa ba ya ajiye abin da ba ya mora. Ƙashin ƙugu da na cinya da na baya yakan zaizaye da kashi 1 zuwa 1.5 cikin 100 a kowane wata. Tsokar ƙafa ta rame. Jini da ruwan jiki su hau kai, fuska ta kumbura, wasu har bayan ƙwayar idonsu ya baje, ganinsu ya sauya. Maganin da ke hannu a yanzu motsa jiki ne, wajen awa biyu kullum, ana gudu a ɗaure da madauri, ana ɗaga ƙarfe da injin da ke kwaikwayon nauyi. Kuma yana taimakawa. Valeri Polyakov ya yi kwana 437 a tashar Mir tsakanin 1994 da 1995, Frank Rubio ya yi 371 a ISS, duk sun dawo sun ci gaba da rayuwarsu. Sai dai waɗannan zaɓaɓɓu ne masu ƙoshin lafiya, kuma suna sauka likitoci suka karɓe su. Wanda ya isa duniyar Mars bayan tafiyar wata 6 zuwa 9 babu mai tarbarsa da kujera. Matsalar ido ma motsa jiki bai kawar da ita ba.

Saboda haka akwai zaɓin da ya kamata a cire tun da wuri. In abin da ake so ɗakin bincike ne wanda mutane za su yi wata shida su sauko, kada a juya komai. Rashin nauyin shi ne hajar da irin wannan tasha ke sayarwa, masu binciken magunguna da ƙarafa shi suke zuwa nema. Maganar juyi tana tasowa ne in za a yi tafiya mai nisa, ko za a zauna shekaru, ko za a kai mutanen da ba sojoji ba ne, ba kuma zaɓaɓɓu ba.

Yadda juyi ke haifar da nauyi duk wanda ya taɓa korar tsuntsaye da majajjawa ya san shi. Dutsen ba ya faɗuwa ko ya zo saman kai, domin juyin yana manna shi da fatar. A gida mai juyi mutum shi ne dutsen, bangon waje shi ne daɓensa, sama kuma ita ce wajen tsakiya. Abu biyu kacal ke ƙayyade nauyin da zai ji: nisansa daga tsakiya, da saurin juyin. In ana son nauyi daidai da na duniya kuma gidan yana juyi ɗaya a minti, sai nisan daga tsakiya zuwa daɓe ya kai mita 894. In juyi 2 ne a minti, mita 224. In 4 ne, mita 56. In 10 ne, mita 9 ta isa. A lura da yadda abin ke tafiya: duk sanda aka ninka sauri sau biyu, girman ginin yakan ragu sau huɗu. Mai biyan kuɗi zai so a yi ta ƙara sauri ke nan. Mai hana shi kunne ne.

A can cikin kunne akwai wasu 'yan bututu uku masu ruwa waɗanda ke gaya wa ƙwaƙwalwa inda kai ya juya. In mutum na cikin ɗakin da ke juyawa sannan ya waiwaya ko ya sunkuya, sai bututun su kai rahoton cewa yana wuntsilawa, alhali ido na cewa a tsaye yake. Daga nan sai hajijiya, sai tashin zuciya, sai amai. A shekarun 1960 likita Ashton Graybiel ya riƙa zaunar da mutane kwanaki a wani ɗaki mai juyi a sansanin sojan ruwan Amurka da ke Pensacola. A juyi ɗaya a minti kusan babu mai kuka, a 3 wasu sun fara jin jiki amma sun saba, a 10 kuwa har matuƙan jiragen yaƙi sun sha wuya. Daga wannan aiki ne injiniyoyi suka ɗauki ƙa'idar kada a wuce juyi 1 ko 2, ƙa'idar da ta kumbura duk zanen da aka yi a shekarun 1970. Daga baya James Lackner da Paul DiZio na Jami'ar Brandeis suka nuna cewa in aka bi a hankali, ana ƙara saurin kaɗan-kaɗan mutum na motsa kai da hannu, jiki na iya sabawa da fiye da juyi 10. Masu bincike a Jami'ar Colorado ma a 2019 sun kai mutane wajen juyi 17 bayan horo na kwanaki. Ni dai ba zan gina gida a kan 17 ba, don jure wa minti ashirin daban, kwana da tashi daban. Amma juyi 4 ya zama adadin da masana da yawa ke ganin mutum zai saba da shi cikin 'yan kwanaki. Tsakanin mita 894 da mita 56 kuwa akwai bambancin abin da za a iya ginawa a zamaninmu da wanda sai jikoki.

Ƙaramin gida yana da wasu halaye bayan hajijiya. A mai mita 56, daɓen yana gudun kusan kilomita 84 a awa. Wanda ya ruga da gudu ta inda gidan ke juyawa ya ƙara wa kansa sauri, sai nauyinsa ya ƙaru da kamar kashi ɗaya cikin huɗu. In ya juya baya, ya ragu da kusan haka. Shayi in an tsiyaya ba ya sauka a miƙe, sai ya karkace gefe, mai hawa tsani kuma ya ji ana tura shi ta haƙarƙari. Wannan shi ne abin da ake kira ƙarfin Coriolis. Sannan kai ya fi ƙafa kusa da tsakiya, don haka ya fi ta rashin nauyi. A mita 56 bambancin kashi 3 ne cikin 100, ba mai ji. A mita 9 ya kai kashi 20.

Mafi arha a cikin zaɓin huɗu shi ne ƙaramin majuyi. Tashar tana nan yadda take, ba ta juyi, sai a saka wani gado mai juyawa a cikin ɗaki ɗaya, ɗan sama jannati ya kwanta kansa wajen tsakiya, ƙafafunsa wajen baki, a juya shi na wani lokaci kullum kamar mai shan magani. In gadon mita biyu da rabi ne, sai ya yi juyi wajen 19 a minti kafin ƙafa ta ji nauyin duniya, kai kuwa kusan babu abin da zai ji. A kan dabbobi dabarar ta nuna alheri. Tarayyar Sobiyet ta tura ɓeraye a tauraron Cosmos 936 a 1977, wasunsu a cikin majuyi. A 2016 hukumar JAXA ta Japan ta ajiye ɓeraye kwana 35 a ɗakinta na Kibo da ke ISS, rabi suna shawagi, rabi suna cikin majuyi mai ba da nauyin duniya, kuma na cikin majuyin suka dawo da ƙashinsu da tsokarsu. Amma a kula, waɗannan ɓerayen dare da rana suke cikin juyi. Ba su sha shi cokali-cokali ba.

Da aka gwada cokali-cokalin a kan mutane, sakamakon bai burge ba. A 2019 a birnin Kolon na Jamus an kwantar da mutum 24 kwana 60 a kan gado mai karkata, kai ya ɗan fi ƙafa yin ƙasa, wanda shi ne yadda ake kwaikwayon rashin nauyi a doron ƙasa. Wasunsu ana juya su minti 30 kullum. Amfanin da aka gani kaɗan ne. Mai yiwuwa awa biyu za ta yi, mai yiwuwa sai an haɗa da tuƙa keke a kan majuyin. In kuwa haka ne, an dawo ga cin lokacin da ake kuka da shi tun farko. Ga kuma girgizar da injin zai riƙa aika wa sauran tashar, abin da masu gwaje-gwaje ba sa so. Japan ta taɓa gina wa ISS wani ɗaki na musamman mai majuyi mai faɗin mita biyu da rabi don dabbobi da tsirrai. A 2005 NASA ta soke shi saboda kuɗi da ƙarancin tashin kumbo, yau gangar jikinsa tana ajiye a cibiyar Tsukuba masu yawon buɗe ido na kallo. A ganina wannan na cikin manyan asarorin da aka tafka a tarihin tashar. Majuyi kayan bincike ne mai kyau, kuma a kumbon da ba shi da wata mafita, da babu gara ba daɗi. Amma ba gida ba ne. Ba a girki a kansa, ba a jinya a kansa, ba a renon yaro a kansa.

Zaɓi na biyu, wato na igiya, shi ya fi jan hankalina, kuma an taɓa gwada shi da mutane a sama. A watan Satumban 1966 Pete Conrad da Richard Gordon suka ɗaure kumbonsu Gemini 11 da rokar Agena da igiya mai tsawon mita 30, suka sa su biyun suna zagaya juna a hankali. Nauyin da aka samu ɗan mitsitsi ne, su kansu ba su ji shi a jiki ba, sai dai sun ga ƙananan kaya suna gangarawa gefe ɗaya. Hikimar ita ce ba sai an gina da'irar gaba ɗaya ba. Mutum yana bukatar ya kasance nesa da tsakiya ne kawai, abin da ke tsakaninsa da tsakiyar kuwa ko igiya ce ta wadatar. A sa ɗakin kwana a wannan ƙarshe, a sa wani abu mai nauyi a wancan: wani ɗakin, ko tankunan ruwa, ko ma gangar rokar da ta ƙone manta. Wannan na ƙarshe shi injiniyoyi Robert Zubrin da David Baker suka ba da shawara a 1990 a tsarinsu na zuwa Mars. Da nauyin ɗaki ɗaya ko biyu an sami abin da taya za ta ba da da ɗakuna arba'in.

Ɗaukar kayan ba shi ne abin tsoro ba. Ɗaki mai tan 20 a nauyin duniya tan 20 zai ja, kuma igiyoyin gada da na injin ɗaga kaya a tashar jiragen ruwa suna ɗaukar fiye da haka kullum. Abin tsoron tarihin igiya ne a sararin samaniya, wanda ba shi da daɗin ji. A 1992 igiyar wani gwajin haɗin gwiwar Italiya da Amurka ta maƙale bayan ta warware mita 250 da 'yan kai. Da aka sake gwadawa a Fabrairun 1996 a kumbon Columbia, ta kusa kai kilomita 20 sai tartsatsin lantarki ya ƙone ta ta tsinke, tauraron ya tafi abinsa. Wata mai kilomita 20 da aka saki a 1994 kwana huɗu ba ta cika ba wani ɓarɓashi ya datse ta. Amma wata mai kauri, mai kilomita 4, da sojan ruwan Amurka suka harba a 1996, ta yi wajen shekara 10 kafin ta rabu. Darasin a bayyane yake: siririn zare guda ɗaya ba abin dogaro ba ne. Igiyar da za a rataya rayuka a kanta sai ta zama saƙa mai layuka da yawa a ware, ta yadda in ɓarɓashi ya yanke ɗaya sauran su karɓi kayan.

To in ta tsinke duk da haka fa? Nan akwai wani lissafi da masu son doguwar igiya ba su cika kawowa ba. Ɗakin zai fice ne da saurin da yake juyi da shi. A mita 56 da juyi 4, saurin mita 23 ne a daƙiƙa. In aka yi rashin sa'a ya fice ta baya, falakinsa, wato hanyar da yake bi yana kewaya duniya, zai sauko da kamar kilomita 80, wato daga 400 zuwa 320. Yana nan a sama, akwai lokacin ceto. A mita 894 da juyi ɗaya, saurin mita 94 ne a daƙiƙa, wanda zai iya sauko da shi fiye da kilomita 300, ya shiga iska ya ƙone tun bai gama zagaye ɗaya ba. Doguwar igiya ta fi daɗi ga kunne, gajeriya ta fi aminci a kusa da duniya.

Sauran matsalolinta na yau da gobe ne, kuma suna da yawa. Kumbon da ya kawo abinci a ina zai tsaya? Ba zai bi ɗakin da ke gudun kilomita 84 a awa a da'ira ya kama shi ba. Dole a yi masa masauki a tsakiya, sannan a yi abin hawa da zai bi igiyar, ko kuma a tsayar da juyin duk sanda baƙo ya zo, a ƙona mai wajen tsayarwa, a sake ƙonawa wajen tayarwa. Igiya kuma ja kawai ta sani, ba a tura ta. Da juyi ya tsaya sai ta saki, ta fara lanƙwasa tana neman abin da za ta naɗe. Faifan hasken rana yana son kallon rana, eriya tana son kallon duniya, gidan kuwa yana ta juyi. Wanda ya fita gyara a waje in spana ta suɓuce masa ba za ta tsaya tana shawagi a gefensa ba kamar a ISS, tafiya za ta yi. Shi ma haka. Saboda waɗannan ne wasu injiniyoyi ke cewa a bar igiya, a yi dogon gini na ƙarfe mai saƙa, da rami a cikinsa wanda mutum zai bi ya je ɗaya ɓangaren. Ya fi nauyi, ya fi tsada, amma ba ya saki. Ɗakuna biyu masu nauyi ɗaya a mita 56 kowanne daga tsakiya suna bukatar mita 112. ISS daga wannan ƙarshe zuwa wancan mita 109 ce. Ba a yi ta don ɗaukar irin wannan ja ba, amma ta nuna girman ba baƙo ba ne.

Taya ita ce wadda kowa ke gani a ransa in an ce gida mai juyi. Herman Potočnik, wani injiniyan soja ɗan Sloveniya, ya zana mai faɗin mita 30 a ƙarshen shekarun 1920. Injiniyan roka Wernher von Braun ya tallata tasa a mujallar Collier's a 1952: faɗi mita 76, juyi 3 a minti, nauyi kamar sulusin na duniya, mutum 80. Kyanta a fili yake. Hanya ce guda da ta zagaye, duk inda gobara ta tashi ko iska ta fara zurara akwai mafita ta dama da ta hagu. Ana iya yin doguwar tafiya da ƙafa. Juyinta kuma tsayayye ne, don nauyinta na can baki. Pete Conrad ɗin nan na Gemini 11 ya ɗanɗana abin a 1973 a tashar Skylab, inda shi da abokansa suka riƙa gudu a kan akwatunan da ke zagaye da bangon ciki har gudun nasu ya manna su da bangon.

Sai a zo lissafi. Taya mai mita 56 daga tsakiya kewayenta mita 352 ne. Ɗakin binciken Amurka na ISS, Destiny, tsawonsa mita 8.5 ne, nauyinsa tan 14.5 lokacin da aka harba shi. In da irinsa za a jera, ana bukatar wajen 41, kusan tan 600, ba a sa sandunan da ke haɗa baki da tsakiya ba, ba a sa lantarki da na'urorin sanyaya ba. ISS gaba ɗayanta tan 420 ce, ta ci tashin roka sama da 40 da fiye da dala biliyan 100. Kuma taya ba ta da rabin amfani. Sai an rufe da'irar, an daidaita nauyinta, sannan a juya ta. Bayan an juya ma, in mutane suka taru a gefe ɗaya sai a tura ruwa ɗaya gefen don kada ta yi ɗingishi. Masaukin kumbo a tsakiya ko dai ya juya tare da ita, matuƙi ya daidaita juyinsa da nata, ko a yi masa mahaɗa mai zamewa wadda ba ta zubar da iska. Irin wannan mahaɗa ba wasa ba ce. A 2007 ɗaya daga cikin manyan mahaɗan da ke juya faifan hasken rana na ISS ta fara cin kanta, aka tarar da garin ƙarfe a ciki, sai a ƙarshen 2008 aka gyara ta. Ita kuwa juyi ɗaya take yi a minti 90, kuma ba ta riƙe iskar numfashin kowa.

Babbar tayar da aka fi ambato ita ce wadda aka zana a 1975 a wani taron bazara na NASA da Jami'ar Stanford: faɗi kilomita 1.8, juyi ɗaya a minti, mazauna 10,000, da gonaki da gidaje. Nauyinta wajen tan miliyan 10, kuma kusan dukkansa ba gini ba ne, garkuwa ce. An tsara ajiye ta can nesa, daidai nisan wata, inda maganaɗisun duniya ba ya kare mutum daga ɓarɓashin radiyeshan na rana da na taurari, don haka sai an lulluɓe ta da ƙasa mai kauri. Ko da roka mai ɗaukar tan 100 ake da ita, tashi 100,000 ke nan. Masu zanen sun san haka, shi ya sa suka ce daga wata za a haƙo ƙasar a riƙa cillo ta da injin lantarki. Wato kafin a aza tubalin farko sai an kafa ma'adinai a wata. Al Globus, wanda ya daɗe yana aiki a cibiyar Ames ta NASA, ya kawo wata mafita: a ajiye gidan kusa, wajen kilomita 500 daidai saman ikwaita, inda falakin ba ya ratsa yankin kudancin tekun Atlantika mai yawan radiyeshan. A can, bisa lissafinsa, garkuwar da ake bukata kaɗan ce ko ma babu. In hakan ya tabbata, shi ne abu mafi muhimmanci da aka ƙara a wannan fanni tun 1975.

Ganga ba zan daɗe a kanta ba. Gerard O'Neill, malamin kimiyyar fiziks a Jami'ar Princeton, ya wallafa tsarinta a 1974. Mafi girma tana da faɗin kilomita 6 da ɗoriya, tsawon kilomita 32, juyi ɗaya a kusan minti 2, da koguna da gajimare a ciki. A wannan girma babu hajijiya, babu karkacewar shayi, kuma ita ta fi kowane siffa ba da filin zama. Jeff Bezos, mai kamfanin roka na Blue Origin, wanda ya yi karatu a Princeton, ya nuna hotunanta a 2019 a matsayin burinsa. Amma iskar da za ta cika ta kaɗai ɗaruruwan miliyoyin tan ce, kuma mafi yawan iskar numfashi naitirojin ce, wadda wata ba shi da ita sai ɗan abin da ba a rasa ba. Dogon abu siriri kuma ba ya son juyi a kan tsawonsa. Tauraron Amurka na farko, Explorer 1, ya koya wa injiniyoyi wannan a 1958, lokacin da aka harba shi yana juyi a miƙe, ba a jima ba ya koma wuntsilawa. Shi ya sa Globus da abokan aikinsa suka gajarta tasu gangar, Kalpana One, ta zama mita 250 daga tsakiya, tsawo mita 325, juyi 2 a minti, mutum 3,000. Ko ita ɗin ba aikin wannan ƙarnin farko ba ne na masu gini.

To wanne? Duk gardamar nan tana tsaye ne a kan wani adadi da ba a taɓa aunawa ba: nauyi nawa jikin ɗan Adam ke bukata? An san abin da nauyin duniya ke yi, an san abin da rashinsa ke yi. Tsakaninsu kuwa, mutum 12 ne suka taka wata, waɗanda suka fi daɗewa kwana uku suka yi. Ɓerayen JAXA da aka ajiye a nauyin wata, wato kashi ɗaya cikin shida, wata tsokar ƙafarsu ba ta rame ba amma yanayin zarenta ya sauya. A Fabrairun 2025 kamfanin Blue Origin ya juya kumbonsa New Shepard wajen sau 11 a minti ya samar da nauyin wata, na kamar minti biyu, kuma kayan gwaji ne a ciki. Babu wata dabba mai shayarwa da aka ɗauki cikinta aka kuma haife ta a can. Duk wanda ya zuba biliyoyi a taya yau, ya zaɓi girmanta da ka ne.

Amsar kuwa za ta sauya komai ta kowane ɓangare ta faɗo. In nauyin Mars, kashi 38 cikin 100, ya wadatar, to mita 56 ta koma 21, tayar da ke neman ɗakuna 41 ta koma neman 16. In bai wadatar ba, masu mafarkin kafa gari a Mars ne ke cikin matsala, domin ba a ƙara wa Mars nauyi, gida mai juyi ne kaɗai ake murɗa wa sauri. A ranar O'Neill zai ci gardamarsa cewa gida mai juyi ya fi doron wata duniyar dacewa da zaman ɗan Adam. Cibiyar da ya kafa a 1977 ma abin da take ta kira a yi ke nan: ƙaramar tasha mai juyi don a auna wannan adadi kafin komai.

Don haka zaɓina ɗakuna biyu ne a ƙarshen dogon ginin ƙarfe, da masauki a tsakiya, a falaki na kusa. Gini ɗaya mai mita 56 kowane gefe zai ba da nauyin wata a juyi 1.6, na Mars a 2.5, na duniya a 4. Ko kuma a bar shi a 4 a rataya ƙananan ɗakuna a hanya, na wata a mita 9, na Mars a 21, a tsakiya kuma babu nauyi sam, sai a gwada duka huɗun lokaci guda da mutane masu cin abinci ɗaya, masu shaƙar iska ɗaya. In ya yi kyau, a ƙara wani ginin a gicciye ya zama ɗakuna huɗu, daga nan a fara cike tsakaninsu. Taya ta wannan hanya za ta zo, ba a rana ɗaya ba. Igiya kuwa a ajiye ta don tafiyar Mars, inda babu baƙon da zai zo, babu tarkacen tsofaffin taurarin ɗan Adam, kuma kowane kilo yana da tsada. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a ɗaura mutane a kanta sai an juya ta da tankunan ruwa na tsawon watanni a nan kusa, an tsayar, an sake tayarwa, an yanke layi ɗaya da gangan an ga yadda sauran za su yi.